Lomar da Ta Tsaya Mani a Ingila

Ba zan ɓata takarda kan yadda aka raka ni tasha a Dutsin-Ma ba, da wanda ya yi kuka da wanda ya murza ido don a ce ya yi. Duk wanda ya taɓa tafiya ya san wannan shafin. Labarina ya fara ne kwana huɗu bayan na sauka Ingila, a ƙarshen daminar 1978, a kan teburin wata dattijuwa mai suna Misis Barlo, da wani yankan nama da bai fi kan babban yatsa ba.

Sunana Lawal, mutumin Kurfi, malamin firamare a Dutsin-Ma a wancan lokaci. Gwamnati ta tura ni wani gari a arewacin Ingila in yi shekara guda ina koyon dabarun koyar da Turanci, kwalejin kuma ta sauke ni a gidan Misis Barlo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna uku da kyanwa. Matar kirki ce. Da ta ji ni Musulmi ne, sai ta taka har shagon wani mahauci ɗan Pakistan ta sayo naman da zan iya ci. Ta gasa shi yadda suke gasawa, wato har sai ya manta ya taɓa zama dabba. Na yanka, na tauna, na haɗiye. Ya sauka rabin hanya ya tsaya.

Wanda abin bai taɓa samu ba zai ɗauka shaƙewa ce. Ba ita ba ce. Numfashi yana fita lafiya lau, magana ma kana iya yi. Lomar ce kawai take samun wuri a tsakiyar ƙirji ta zauna, kamar baƙon da ya zo gaisuwa ya kwance kayansa. Ka kora ruwa, ruwan ya dawo. Yawun bakinka ma ba shi da hanya. Na miƙe da murmushi na shige banɗaki, na yi kusan minti arba'in ina tofar da yawu ina kallon fuskata a madubi.

Misis Barlo ta ƙwanƙwasa. "Mista Lawal, lafiya dai?"

Na ce, "Alwala nake yi."

Ta ce to, cikin girmamawa. Na tabbata daga ranar ta ɗauka alwalar Musulmi ta fi wankan gawa tsawo.

Ba wannan ne karo na farko ba. A gida yakan same ni sau ɗaya ko biyu a shekara, galibi da Sallar Layya. Amma a gida akwai rufin asiri iri biyu. Na farko tuwo da miyar kuka, waɗanda ba sa neman izinin maƙogwaro, wucewa kawai suke yi. Na biyu, a wurinmu ba a tambayar wanda ya tashi daga kan akushi ina za shi. Mahaifina, Malam Iro mai hatsi, ya shahara da wannan. Ana tsakar cin abinci da abokansa a zaure sai ya tsame hannu ya ce bari ya duba jaki, ya zaga bayan gida. Har ba'a suke yi mashi wai ya fi son jakin nan da iyalinsa. Jakin kuwa ɗan banza ne, gwanin kwance igiya, don haka ban taɓa kawo komai a raina ba. Ko na kawo ma ba ni da bakin tambaya. Ni ɗan fari ne: Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, kuma in aka tara zancen da muke yi a shekara ba zai cika bayan ambulan ba.

A banɗakin nan dai na yi sha'awar a ce ni ma ina da jaki.

Zango na biyu na wannan tafiya shi ne na madara, kuma a nan na yi kuskuren da sai jikan Fulani zai yi shi. Kakata ta wajen uwa Bafulatanar Barkiya ce. A wurinta babu ciwon da nono ba ya magani. Wanda ya sha ya mutu, to, bai sha da yawa ba ne. Sai ga ni a ƙasar da kowace safiya ake ajiye kwalaben madara a bakin ƙofa, ba mai tsaro, ba mai ɗauka. Na ce lallai Allah ya kawo ni inda za a yi jinyata. Na bar nama. Na koma madara da safe, burodi jiƙaƙƙe cikin madara da rana, da yamma kuma wani abu mai laushi da Misis Barlo ke yi da ƙwai da madara. Lissafina lissafin malamin makaranta ne: abu mai tauri ke tsayawa, saboda haka a ci mai laushi. Da ɗalibi ya rubuta mani wannan amsar, da na ba shi maki goma cif.

Kafin wata biyu, burodin da ya kwana a madara ma ya fara tsayawa. Ƙirjina yana zafi kamar na haɗiyi garwashi. Abin da a da yake zuwa shekara-shekara ya koma zuwa sau uku a mako.

Daga nan tsoro ya shigo, kuma shi ne ainihin abin da nake son rubutawa, don ciwon yana zuwa ya tafi, shi kuwa tsoron ɗaki ya kama. Tun ƙarfe goma sha ɗaya, muna cikin aji, sai in fara jin ƙarar cokula daga ɗakin cin abinci na kwaleji. Malami yana bayani kan yadda ake koya wa yaro furta baƙaƙe, ni kuwa ina auna nisan da ke tsakanin teburin cin abinci da banɗaki, taku nawa ne, mutum nawa za su gan ni. Wata rana na kasa haɗiye yawuna, ba tare da na ci komai ba, don kawai na tuna da haɗiya. Wannan ya rikita ni ƙwarai. In loma ce ke tsayawa, to yau me ya tsaya?

Sai na ce ina azumin Litinin da Alhamis. Da na ga ya karɓu, na ƙara da Talata da Laraba. Wani ɗan Sudan da muke aji ɗaya ya fara cire hula in zai gaishe ni, har ya roƙe ni in sa matarsa a addu'a, tana da tsohon ciki. Na zama waliyyi ba shiri. Waliyyin kuwa da ya koma gida sai ya kulle ƙofa, ya zauna a bakin gado da kofin madara, yana kurɓa yana saurare kamar ɓarawon abincin kansa. A Kurfi mai cin abinci a ɓoye ɗayan uku ne: marowaci, ko maye, ko wanda kansa ya taɓu. Na san ni ba na farko ba ne, ba na biyu ba.

Ban san sunan abin da ya biyo baya ba a lokacin. Ba baƙin ciki ba ne irin na rasuwa, wanda ake kuka a share hawaye a karɓi gaisuwa. Ya fi kama da a shiga ɗakinka a kwashe kaya kaf, a bar maka ɗakin. Ni da nake karanta har takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki, sai in yi awa guda a shafi ɗaya. Rana tana faɗuwa tun la'asar. Salla ina yi, amma kamar mai cika fom. Wasiƙun gida suka taru ban amsa ba, in kuwa na amsa sai in rubuta, "Ina nan lafiya, har na yi ƙiba," alhali na huda wa ɗamarata sabuwar ƙofa sau biyu.

Zango na uku asibiti. Na faɗi ne a gaban allo, ranar da aka kai mu wata makaranta gwajin koyarwa, yaran Turawa talatin suna kallo. Aka kai ni wurin likita, dogo mai sanyin murya. Ya ba ni wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli, na sha, aka ɗauki hoton ƙirjina yana sauka. Ya sauka kuwa sumul, munafuki, kamar bai taɓa jin labarin wata matsala ba.

Likita ya ɗaga hoton ga fitila. "Hanyar abincinka ba ta da komai, Mista Lawal. Kana da iyali a gida?"

Na ce ina da mata da 'ya ɗaya.

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano inda akuya ta shiga gona. "Kewar gida ce. Tana kama mutane ta hanyoyi da yawa. Wasu barci take hana su, kai ta kama ka a wuya."

Na ce, "Likita, ai tun ina gida abin yake samuna. Kewar ina nake yi a lokacin?"

Ya yi murmushi ya rubuta mani ƙwayoyin kwantar da hankali. Ƙananan ƙwayoyi ne, amma sai na niƙa su da bayan cokali, don su ma tsoronsu nake ji.

Washegari malamin da ke kula da mu a kwaleji ya kira ni ofis. Cikin ladabin nan nasu mai yanka ba jini, ya ce in ban samu sauƙi ba kafin ƙarshen zangon karatu na biyu, zai rubuta wa ma'aikatar ilimi a Kaduna cewa ina fama da larurar ƙwaƙwalwa, a maida ni gida in huta. Ya ce ba abin kunya ba ne. Shi a ganinsa ke nan. Ni kuwa na san yadda takardar za ta yi tafiya: akawu ya karanta, masinja ya ji, direba ya kai Dutsin-Ma, kafin in sauka daga jirgi an gama fassara ta a kasuwar Kurfi da kalma huɗu: boko ya taɓa shi. Muna da irinsa a garinmu, wani da ya tafi karatu ya dawo yana ba motocin hatsi hannu a bakin titi da Turanci. Ba wanda zai sake ba ni ɗansa in koyar. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne ba ni da tabbacin takardar ƙarya za ta yi.

A wannan hali na faɗa hannun wani mutum a masallacinmu, wanda gida ne aka fasa bangon tsakiya. Ya ce shi daga wata ƙasa ta gabas yake, ƙasar kuma tana canzawa gwargwadon wanda yake magana da shi. Ya dube ni sau ɗaya ya ce an ɗaure mani wuya daga gida, wani ne da ya so wannan tafiyar bai samu ba. Ya karɓi agogona, ya ba ni kwalbar zuma da wani baƙin gari a ciki, ya ce in riƙa sha sau uku a rana cikin madara mai ɗumi. Agogon bai dame ni ba. Abin da ya yi mani shi ne ya sa na zauna ina jera mutanen da suka raka ni tasha ɗaya bayan ɗaya, ina tuna wanda ya yi dariya fiye da kima: hedimasta, abokin aikina da muka nemi gurbin tare, har ƙanen matata. Mutanen da nake kewa suka koma waɗanda nake zargi. Da ma su kaɗai suka rage mani a ɗakin da aka kwashe.

Zango na huɗu ya same ni a shagon wani Ba'indiye, inda nakan je in tsaya kusa da buhunan barkono don ƙamshin kawai. Sai na ji wani a bayana yana ɗaga kuɓewa yana cewa, shi kaɗai, "Kai jama'a! Wagga kuɓewa ce ko tsinken ashana?"

Na juya. Wani gajere ne kakkaura cikin ƙaton kwat. Na ce, "Ta fadamar Zobe ta fi ta."

Ya saki kuɓewar. "La ilaha! Daga ina?"

"Kurfi."

"Ash, ƙauyenmu ne. Ni ɗan birni ne, Dutsin-Ma."

Sunansa Bitrus, yana koyon aikin jinya. Iyayensa mutanen kudancin Zariya ne, amma a Dutsin-Ma aka haife shi, inda mahaifinsa ya yi shekaru yana malamin asibiti. Na ce mashi tsohon nan ya taɓa yi mani allurar da na yi kwana uku ina zama da gefe ɗaya. Ya ce, "To ai kai ɗan gida ne, Malam. Duk wanda Baba ya soka ɗan'uwana ne. Mu je ka ci tuwo."

Ɗakinsa ɗaya ne da murhu a lungu. Ya tuƙa tuwon garin shinkafa, ya kaɗa kuɓewa da busasshen kifi, ya juye a faranti ɗaya ya ajiye a ƙasa tsakaninmu. Na ce ina azumi.

"Yau Asabar."

"Na nafila ne."

Ya wanke hannu yana kallona. "Malam, ni Kirista ne amma cikin masu azumi na girma. Mai azumi kallon so yake wa abinci. Kai kana kallonsa kamar sufeto ya shigo aji ba ka rubuta darasi ba. Mene ne?"

Ban san dalili ba, wataƙila Hausar ce, wataƙila ƙamshin daddawa. Na gaya mashi komai, har da jerin waɗanda nake zargi. Shi ne mutum na farko a duniya da na taɓa gaya wa ban rage komai ba. Na ƙare da tambayarsa, tunda shi ma'aikacin asibiti ne, ko haka hauka ke farawa.

Ya ce, "Ban sani ba. Ni dai na san yunwa, kuma ita ce a fuskarka. Ga bokiti nan kusa da kai. In ta tsaya ka tofar, ba mai kallonka sai ni, ni kuwa abin da nake kwashewa a asibiti ya fi wannan. Bismilla, ko ni zan yi maka?"

Na ci loma bakwai a ranar. Na ƙirga.

Da aka yi hutu, Misis Barlo ta tafi wurin 'yarta, Bitrus ya ce in kwaso bargona. Na yi mako biyar a ɗakinsa. Madara ba ta shiga gidan, don shi tana ɓata mashi ciki. Burodi kuwa ya ce bai zo Ingila don ya ci katifa ba. Tuwon shinkafa ne, da dankali, da baƙin shayi. Na lura da wani abu da bai taɓa ambata ba. Bitrus mutum ne mai cin abinci kamar ana binsa, amma in muka zauna sai ya ɗauko dogon labari, na yadda ya faɗa rijiya a Birchi ko na limamin cocinsu mai barci a kan mumbari, yana jan loma ɗaya minti biyar, don kada in zama na ƙarshe a kan faranti.

A mako na huɗu na ci kifi da ƙaya-ƙayansa ban tashi ba. A na biyar na karanta littafi guda a yini biyu.

To, wa zan gode wa? Nan ma wani ruɗanin ne. Likita zai ce ƙwayoyinsa ne, kuma ga shi na samu ɗan'uwa kewa ta ragu, daidai da maganarsa. Mai agogona zai ce zumarsa ce. Ɗan Sudan, wanda matarsa ta haifi namiji, ya riga ya san addu'ata ba ta faɗuwa ƙasa. Bitrus ya ce kuɓewa ce, ko a Ingila ba ta ƙarya.

Na koma gidan Misis Barlo da ƙarfina, ta tarbe ni da abin nan na ƙwai da madara cike da kwano. Kafin mako uku na koma alwalar minti arba'in.

Sai na yi abin da na iya. Na sayi littafi na ja layuka na buɗe rajista, irin ta aji. Na rubuta sunayen duk abin da nake ci a gefen hagu, kowace rana in yi kiran suna: wane ya zo, wane bai zo ba, sannan a ƙasa in rubuta ko an yi rikici. Duk malami ya san in aji ya cika fitina ba a dukan kowa. Ɗaya ake fitarwa a ga ko za a samu shiru. Na kori ƙwai mako biyu, ba abin da ya canza, na dawo da shi da ban haƙuri. Na kori burodi, aka ɗan samu sauƙi. Madara ce ta ƙarshe, don ban taɓa zarginta ba, ita ce 'yar gaban goshi mai zama a layin gaba. Ranar da na ja layi a kan sunanta sai da na nemi gafarar kakata a zuci.

Ba a rana ɗaya ba, ba a mako ɗaya ba, amma ajin ya yi shiru.

Na kai wa likita rajistar. Ya duba da sha'awa, ya yaba kyawun rubutuna, ya ce madara ba ta tsaya wa kowa a wuya, amma in har abin yana kwantar mani da hankali in ci gaba. Ban ga laifinsa ba, littafinsa bai kai wannan shafin ba tukuna. Sai bayan na yi ritaya wani likita ya zura mani na'ura mai fitila, ya ce wasu ƙwayoyin jini ne suke ɓatan kai su taru a hanyar abinci suna faɗa da abin da ba abokin gaba ba, har wurin ya kumbura ya ƙuntace. Ya faɗi sunan ciwon, suna ne da sai an huta sau biyu kafin a kai ƙarshensa. Amma wannan daga baya ne. A lokacin ba ni da kowa sai rajista.

Misis Barlo ta ji ciwon ƙin madararta, ta yini ba ta yi mani magana ba. Washegari na ga kwalba ɗaya a bakin ƙofa maimakon uku. Kuma daga ranar, duk lokacin da muka zauna cin abinci, sai ta kunna rediyo ta juya kujerarta wajen taga, wai tana son kallon lambu. Lambun kuwa bai fi tabarma biyu ba, kuma ba komai cikinsa sai igiyar shanya.

Takardar Kaduna ba a rubuta ta ba. Na gama, aka ba ni shaida mai hatimi. Sai dai tsoron bai karanta rajistar ba. Ko a jirgin dawowa, da aka ajiye mani abinci, zuciyata ta buga wuyana ya ɗaure, ba madara ba burodi. Na sauka Kano da takardar shaida a jaka da tambayar nan a ƙirji: ciwo ne ya haifi tsoron, ko tsoron ne ciwon tun asali, ni kuma na laƙa wa madara laifi don in samu na kamawa?

Zango na ƙarshe zauren gidanmu ne a Kurfi, ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. An yanka mani rago. Kawunnaina na Barkiya sun zo da ƙwaryar nono mai kauri, an dama fura. Aka zaunar da ni a tsakiya, abokai da ƙannen Baba kewaye da ni. Shi Baba yana can bakin ƙofa a kan buzunsa, ya ba mu rabin baya, yana jan carbi kamar ba ɗansa ne ya dawo ba, yadda ya kamata.

Kawu Jauro ya miƙo mani ludayi. "Sha, ɗan Nasara. Mu ga ko bakinka bai manta ba."

Na kai ludayin baki na jiƙa leɓe na ajiye. Na ga sun kalli juna. Ba a ƙin nonon kawu, kuma in an ƙi shi ba a ƙara da ƙin naman da uba ya yanka. Na ɗauki tsoka, na tauna har sai da muƙamuƙina ya gaji, na haɗiye.

Ta sauka rabin hanya ta zauna.

Na yi murmushi. Na miƙe wuya kaɗan, na dafa ƙirji kamar mai gyara aljihu. Ana tambayata ko da gaske ne Turawa suna kwana da karnuka, ni kuwa yawu yana taruwa a bakina, ina neman ƙofa da ido, ƙofar kuma Baba ne zaune a bakinta. Na ce a raina, yau abin da takardar Kaduna ba ta yi ba, zan yi wa kaina da hannuna.

Sai na ji muryar Baba, bai juyo ba, kamar da bango yake magana.

"A ce wa baƙon nan ya taso ya kama mani jaki."

Wani ƙanensa ya yi dariya. "Yaya, wane jaki kuma? Ai tun bara aka sai da shi."

Baba ya riga ya miƙe da butarsa. Na bi shi.

Bayan gida babu komai sai turke da tsohuwar igiya, da ciyawa da ta tsiro inda jakin yake kwanciya. Baba ya tsaya ya juya mani baya yana kallon rumbu.

"Kada a sha ruwa yanzu, dawowa zai yi. A tofar. A ɗaga hannuwa sama, a daddage, a sauko kan dunduniya da ƙarfi. A sake."

Na yi. A karo na biyar na ji ta motsa, ta wuce, zafi ya bi bayanta. Na durƙusa ina haki. Ya miƙo butar ta baya, ba tare da ya dube ni ba.

Na kurkure baki. Ban taɓa yi mashi tambaya kai tsaye ba tun da aka haife ni. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun ba a haifi wasu ba."

"Ba ku taɓa faɗa wa kowa ba?"

"A ce mi? Ƙato da gemu tuwo ya fi ƙarfinai? Cewa za a yi an yi mani asiri, ko kaina ya taɓu." Ya karɓi butarsa. "Shi abin da sauƙi, yana wucewa. Jiran shi ne. Tun ana kiran azahar gabana ke faɗuwa."

Shekara guda na yi ina neman wannan jimlar a wurin masu digiri. Ashe tana bayan gidanmu, wajen turke.

Na ce, "Baba, akwai wata rajista da na zo da ita. Zan karanta maku. Sai dai akwai maganar fura a ciki, ba za ta yi maku daɗi ba."

Ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar igiyar, ya naɗe ta a hankali ya rataye a turken.

"A bari sai baƙi sun tahi," ya ce. "Yanzu a koma. In an tambaya, a ce jakin ya yi gardama."